Warin Fetur a Cikin Mota

[Kiɗan buɗe shiri]

 Direbobin da ke kan hanya a daidai wannan lokaci, Allah ya sauke ku lafiya. Iyayenmu mata da ke jin mu daga cikin gida, kada ku ce shirin yau na maza ne ku murɗa tasha. Ku ma kuna shiga mota, da yawanku ma ku ke tuƙa taku, kuma sau tari hancinku ne ke riga na kowa jin abin da za mu yi magana a kansa, wato warin fetur a cikin mota.

Babu wanda bai san wannan wari ba. Ka shiga motar haya a tasha, tun ba a gama lodi ba ya buge ka. Ka ce, "Direba, motar nan fa tana warin mai." Ya ce, "Haka take, Alhaji, tsufa ne. Da mun hau titi iska za ta kwashe shi." Ba kuma yaudararka yake yi ba, shi da gaske ya daina ji. Haka Allah ya yi hancin ɗan Adam, in ya daɗe cikin wari guda sai ya saba da shi har ya zama kamar babu. Mutumin da ya wuni a bakin sitiyari tun asuba shi ne na ƙarshe da zai ji motarsa na wari. Saboda haka, malam direba, ran da fasinja ko maiɗakinka ko ɗanka ya shigo daga waje ya ce yana jin warin mai, hancinsa ya fi naka gaskiya. Ka yarda da shi.

Abin da nake so mu riƙe tun daga farko shi ne, mota mai lafiya ba ta warin fetur a cikinta, sabuwa ce ko tsohuwa. Waɗanda suka ƙera ta sun raba hanyar mai da inda mutane ke zama, tun daga murfin tanki har cikin inji. In har warin ya iso hancinka kana zaune a kujera, akwai inda ya samu ƙofa. Abin da tsufa ke yi shi ne ya busar da roba, ya sa ƙarfe tsatsa, ya sassauta kilif. Kowanne daga cikinsu kuwa ana iya gano shi a canza.

Me ya sa muka ware wa wari shiri guda? Domin abin da hancinka ke ji shi ne ainihin abin da ke kamawa da wuta. Mutane suna tsoron ruwan fetur, alhali tururinsa ne ke ci. Fetur yana fitar da tururi mai kama wuta ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, lokacin da zafin inuwa ke haura digiri 40. Man gas, wato dizal, sai ya ɗauki zafin da ya wuce digiri 50 kafin ya fara haka, shi ya sa ya fi fetur haƙuri. Tururin fetur kuma ba ya bukatar yawa. Tun bai kai kashi 2 cikin 100 na iskar wuri ba, tartsatsi guda ya ishe shi. Rahamar da ke ciki ita ce, hanci yana jin warin tun da sauran nisa kafin a kai nan, kuma wannan tazarar ita ce lokacin da aka ba ka na yin gyara.

Tururin ya fi iska nauyi sau 3 zuwa 4. Ba ya tashi sama ya watse. Kwanciya yake yi a ƙarƙashin kujeru, a ramin tayar safaya, a ramin gareji, yana bin ƙasa har ya iske wuta a inda ba ka zata ba, murhun mai shayi ko guntun sigarin da wani ya yar. Ita kanta mota cike take da abin tartsatsi: kan batir da bai ɗauru ba, wayar da aka murɗe da hannu aka naɗe da leda, wayar fulogi da ta tsage. Mutanen Jigawa ba su manta da daren Majiya ba, a ƙaramar hukumar Taura, cikin watan Oktoban 2024, inda tankar mai ta faɗi, fetur ya malale, wuta ta tashi ta ci rayuka fiye da 150. Allah ya jiƙan su, ya ba iyalansu haƙuri. Man da ke cikin tankin motarka shi ne dai wannan man.

Ko wuta ba ta tashi ba, jiki yana biyan kuɗin shaƙa. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ga shi kuwa direba mai jin jiri yana riƙe da rayukan mutane. Akwai kuma wani sinadari a cikin fetur mai suna benzin, wanda cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da sanya shi cikin abubuwan da ke jawo sankarar jini ga mai yawan shaƙarsa. Fasinja awa biyu ko uku zai yi ya sauka. Direba da yaron mota su ne ke ciki kullum, shekara da shekaru. Ina kuma tausaya wa yara da mata masu juna biyu da ke amai a kan hanya ana cewa ba sa jure tafiya ne. Gaskiya ne wasu motsin mota ne ke tayar musu da zuciya, amma a duba mana ko ba kujerar da aka zaunar da su ba ce ke kan yoyo.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro, har yanzu muna kan batun warin fetur a cikin mota. Yanzu sai yadda ake gano inda yake fitowa.

Kafin ka taɓa sifana, ka tabbatar wane irin wari ne. Warin ɗanyen fetur, irin wanda kake ji a gidan mai, daban yake da warin hayaƙin salansa mai yaji a ido, daban kuma da ƙaurin baƙin mai da ya ɗiga kan ƙarfe mai zafi. In ka ji kamar ruɓaɓɓen ƙwai, wannan daga batir ne da ake cajinsa fiye da kima, ko daga matacin hayaƙin da ke jikin salansa. Ɗanyen fetur muke nema.

Sai ka yi wa kanka tambaya biyu, waɗanda duk makanike na ƙwarai zai yi maka: yaushe warin ke zuwa, kuma ta ina ya fi ƙarfi? Amsarsu rabin aiki ce. Mai motar da ya je gareji ya ce "tana warin mai" kawai, ya bar makanike da lalube. Wanda ya ce "ba ta yi sai na cika tanki, kuma daga kujerar baya yake tasowa", ya kusa nuna masa wurin da yatsa.

Fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Buɗe but. Akwai jarkar man janareta? Ta taɓa tuntsurewa? Fetur in ya zube a but yana ratsa kafet ya taru a ramin safaya, ya yi makonni yana tashi. A fitar da kafet ɗin a wanke da sabulun gari, a shanya a rana, a goge ramin, a bar but a buɗe a fili. Duba tsumman da aka goge mai da shi aka cusa ƙarƙashin kujera, duba ƙasan takalminka in daga gidan mai kake. Sannan murfin tanki. Juya shi ka kalli robar da ke zagaye da bakinsa. In ta tsattsage ko ta bushe, ko murfin ya ɓace an toshe bakin da leda da tsumma, to ga ƙofa ɗaya ka samu.

Idan warin sai an cika tanki yake zuwa, in mai ya sauka zuwa rabi ya ɗauke, matsalar tana sama ne, a wuyan tanki ko a kansa. A nan zan tsaya in yi magana kan wata al'ada tamu. Famfon gidan mai ya katse da kansa, sai mu ce wa yaro, "Ƙara, ƙara," har a riƙa jijjiga mota don ta ƙara sha, sai an ga mai a baki. Wannan wurin da ya rage a saman tanki da gangan aka bar shi. Man gidan mai daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa da sanyinsa, in ya ɗauki zafi kumbura yake yi. Lita 50 in ta ƙara zafi da digiri 15, tana ƙaruwa da fiye da rabin lita. Ina za ta? Sai ta bi siririn tiyon da aka yi domin tururi, ta faɗa cikin wani gwangwani mai cike da gawayi.

Wannan gwangwani mutane da yawa ba su san da shi ba. Tun farkon shekarun 1970 dokar Amurka ta sa ake saka shi a motoci, yau kuwa da wuya ka ga mota mai nozul da ba ta da shi. Aikinsa ya tsotse tururin tanki ya riƙe, in inji ya tashi wani bawul ya buɗe, inji ya ja tururin ya ƙone. Tururi aka yi shi ya riƙe. In ruwan mai ya jiƙa gawayin, ya lalace, daga nan sai mota ta riƙa wari, wani lokaci ma ta riƙa wahalar tashi bayan an sha mai. Akwai kuma motocin da aka yi musu canjin inji aka bar tiyon gwangwanin a buɗe yana lilo, ko aka cire gwangwanin gaba ɗaya aka ce ba shi da amfani. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 zuwa yau, kwamfutarsu tana sa ido a kan wannan hanya. In ta ji yoyo sai ta kunna 'yar fitilar nan mai siffar inji a dashbod. A jona na'urar bincike, in aka ga lamba irin P0442 ko P0455, hanyar tururi take nufi, ta farko ƙaramin yoyo, ta biyu babba. Sau da yawa ma murfin tanki ne kawai.

Yanzu ga wurin da a ganina ya fi ko'ina yawan laifi a motocinmu na yau, wato ƙarƙashin kujerar baya. A yawancin ƙananan motoci masu nozul, famfon mai, wanda muke kira fiyul famfo, a cikin tanki yake zaune. Ana kai gare shi ta wani ɗan murfi da ke ƙarƙashin kujerar baya ko a cikin but. Tsakanin kan famfon da bakin tanki akwai zoben roba, da wani babban zobe da ke matse su. Ku lura da yadda abin ke tafiya. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. Mutane suka koma shan lita 3, lita 5, allura kullum tana kan ja. Shi kuwa famfon nan man da yake ciki ne ke sanyaya shi, in tanki ya zauna a ƙafe sai ya riƙa zafi yana saurin mutuwa. Sai a canza famfo, a sake canzawa. Duk buɗewa kuma ana taɓa zoben robar nan. Tsohon ya kumbura ya ƙi komawa mazauninsa, sai a tura shi a karkace, ko a yanke shi, ko a shafa gam, ko a jefar da shi. A buga babban zoben da guduma da sukudireba har ya tsage. Murfin saman ma wani lokaci ba a mayar da shi, a kife kujera a kai kawai. Mota ta tashi, mai mota ya yi murna ya biya. Ran da ya samu hali ya cika tanki, sai mai ya riƙa tasowa ta nan a duk kwana da duk gargada, a ƙarƙashin inda yaransa ke zaune.

Don haka in an taɓa canza maka famfo kuma warin ya biyo baya, ɗaga kujerar baya tukuna. In ka ga kan famfon a jiƙe, ko ƙura ta manne ta yi baƙi a kewayensa, ka gama bincike.

Ƙurar nan tamu ma tana taimako. Fetur yana saurin bushewa, shi ya sa sau da yawa ba za ka ga ɗigo a ƙasa ba ko ka shimfiɗa kwali ya kwana a ƙarƙashin mota. Amma yana barin sawu. Ko dai ka ga wuri guda ya jiƙe ƙura ta daskare a kai, ko ka ga wani siririn layi fes kamar an wanke a jikin ƙarfen da ko'ina ya yi buɗu-buɗu. Bi wannan sawu zuwa sama. A leƙa ƙarƙashin mota da tocila, ba da ashana ko laita ba. A bi bututun mai daga tanki zuwa gaba, a duba mahaɗa, a duba matacin mai, a duba ƙasan tanki inda dutse ko tudun titi ya taɓa duka. Motocin da aka shigo da su daga ƙasashen ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a titi lokacin hunturu, sukan zo da bututun ƙarfe da tsatsa ta riga ta ci, fenti a sama yana sheƙi, ƙasa kuwa ta ruɓe.

Idan kuwa warin ta ƙofofin iska na dashbod yake shigowa, musamman kana tsaye a cunkoso ka kunna fanka ko esi, to daga ƙarƙashin bonet yake. Iskar da fanka ke ja, ta gindin gilashin gaba take shiga, dab da bayan inji. Wannan shi ne yoyon da na fi tsoro, domin a nan zafi yake, a nan tartsatsi yake, kuma man yana da ƙarfi a bayansa. A mota mai nozul, famfo yana tura mai da ƙarfin da ya kai 40 zuwa 60 a ma'aunin da mai faci ke auna taya da shi, wato ya fi iskar da ke cikin tayar motar. Ƙaramar huda a tiyo ba ɗiga take yi ba, feshi take yi.

Ga yadda ake dubawa. Da safe, inji da sanyi, mota a fili, a buɗe bonet. Wani ya murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, amma kada ya tayar. Za ka ji famfo ya yi 'yar ƙara na daƙiƙa biyu, ya cika bututu da mai. A kashe a sake sau biyu ko uku, kai kuma kana kallon gindin kowane nozul da kansa, inda ƙananan zoben roba suke, da tiyon da ke kawo mai, da duk inda aka ɗaure da kilif. Zoben nozul in ya tsufa yakan yi yoyo da sanyin safiya, in inji ya yi zafi ya kumbura ya toshe, shi ya sa wasu ke cewa warin da safe kawai suke ji, musamman lokacin hunturu. A wasu motocin akwai wani ɗan gwangwani a ƙarshen bututun nozul mai daidaita ƙarfin mai, da siririn tiyon iska a kansa. Zare tiyon. In ka ga fetur a ciki, robar cikin gwangwanin ta fashe. Zaro sandar auna baƙin mai ma ka shinshina. In tana warin fetur, ko baƙin man ya tsinke yana ƙaruwa da kansa, to nozul yana zuba a cikin inji, kuma injin ne zai biya bashin.

Masu tsofaffin motoci masu kafireta, irin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, naku ya fi sauƙin gani. In fulot ya huje ko allurarsa ta ƙi rufewa, kwanon kafireta sai ya cika ya tumbatsa, mota ta riƙa shaƙewa tana baƙin hayaƙi. Sai kuma masu ajiye galan a gaban mota, kusa da ƙafar fasinja, da tiyo ya bi ta taga zuwa inji saboda tanki ya lalace. 'Yan'uwa, na san halin da ake ciki, na san kuɗin tanki ba wasa ba ne. Amma irin wannan mota ba a ɗaukar mutane a cikinta.

Saura hayaƙin salansa. Inji in yana shan mai fiye da kima, ko fulogi ɗaya ba ya ƙonewa, hayaƙin yakan fito da warin fetur, ƙari ma in an cire matacin nan da makanikai ke kira indomi an sayar. Hayaƙin yana shigowa ta salansar da ta huje, ko ta robar but da ta mutu, kuma buɗe gilashi kaɗan yakan ƙara jawo shi daga baya. Tare da shi akwai iskar kabon monoksayid, wadda ita ba ta da wari ko kaɗan. Ita ce ke kashe iyali guda a dare ɗaya in an kwana da janareta a cikin gida. Direban da ke jin barci da ciwon kai a mota, in ya fito ya ji ya wartsake, ya sa a duba salansarsa yau.

[Gajeren kiɗa]

To an gano wurin. Yaya za a gyara?

In mai yana ɗiga ko yana feshi ka gani da idonka, ba a tuƙa motar zuwa gareji. A kashe ta, a kira makanike ya zo, ko a ja ta. Kafin a kwance kowane tiyo a mota mai nozul, a sauke ƙarfin man tukuna: a zare fis ko rilen famfo, a tayar da inji a bar shi ya mutu da kansa, sannan a cire kan batir na baƙar waya, a naɗe mahaɗar da tsumma kafin a sassauta. A yi aikin a inda iska ke kaɗawa, nesa da mai walda. Kada kuma a gwada famfo da wayoyin batir a bakin buɗaɗɗen tanki. Na san ana yi, kuma ana tsira sau da yawa, amma wanda bai tsira ba fuskarsa ce a saitin bakin tankin.

Wajen sayen kaya, mai mota ya buɗe ido. Duk zoben robar da aka cire, na famfo ko na nozul, sabo ake mayarwa, a ɗan shafa wa na nozul baƙin mai mai tsabta don kada ya yage wajen shiga. Tiyo kuma ba kowane baƙin tiyo ne na fetur ba. Na ruwa da na iska fetur yana cinye su daga ciki, waje yana nan lafiya lau. Ko a Ƙofar Ruwa kake a Kano ko a Panteka ta Kaduna, karanta rubutun da ke jikin tiyon. Mai J30 R9 shi ne na mota mai nozul. Mai J30 R7 na ƙaramin ƙarfi ne, irin na kafireta. Wanda zai zauna tsundum a cikin tanki kuwa J30 R10 ne. In babu rubutu ko ɗaya, bar shi, araha ba ta ado. A ɗaure da kilif na gaske, ba da wayar ƙarfe ko tsinken robar tif ba. Irin man da ake sha ma yana da hannu a rayuwar robobin nan. Ku tuna watan Fabrairun 2022, da hukumomi suka tabbatar an shigo Najeriya da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima. Metanol yana cin roba. Man 'yan bumburutu kuma, in dole ta sa, a sani ba kullum mai saye ke sanin abin da ke cikin galan ba.

Toshe tanki da sabulu dabara ce ta gaske, domin fetur ba ya narkar da sabulu. Amma ruwa yana narkar da shi, kududdufi guda ya isa. Dabarar fita daga daji ce zuwa gari, daga nan sai gyara. Walda a jikin tanki kuwa, ku ji ni da kyau: tankin da aka juye mansa ya fi cikakke haɗari, domin tururi da iska ne suka cika shi, abin da wuta ke nema ke nan. Juyewa da ɗauraya sau ɗaya ba sa korar tururin. Wannan aikin ƙwararre ne, kuma in akwai hali, sayen wani tankin mai kyau ya fi. In an duba ko'ina ba a ga yoyo ba amma wari na nan, akwai garejin da ke da na'urar hura hayaƙi a hanyar tururi, duk inda hayaƙi ya ɓullo nan ne. Bayan gyara, a cika tanki zuwa katsewar farko, a zaga, a dawo a sake dubawa kafin a mayar da kujera.

Abin da ba gyara ba ne shi ne turare. Feshi yana rufe wari ne kawai ya hana ka jin gargaɗi. Turaren wuta kuwa, hajiya, garwashi ne, kada ya shiga motar da ke warin mai ko na minti ɗaya.

Sai masu zuƙo mai da baki ta tiyo, da yaran da kan kurɓi fetur daga gorar ruwa da aka ajiye a gida. Babban haɗarin shi ne man ya faɗa huhu. Kada a sa mutum amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin amai shi ke tura man cikin huhu. A cire masa tufafin da suka jiƙe, a fitar da shi iska, a kai shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi, domin ciwon huhun yakan bayyana bayan wasu awoyi.

In kuma Allah ya ƙaddara wuta ta kama kana tafiya, ka gangara gefe, ka kashe inji nan take, domin kashe makulli shi ke tsayar da famfo. Kowa ya fita, a bar kaya, a nisanta kamar taku 40. Kada a wangale bonet, iska za ka ba wutar. In ƙarama ce, a ɗan ɗaga shi kaɗan a fesa ta tsagar da tukunyar kashe gobara mai hoda, a saita gindin wutar. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, fetur yana hawa kansa ne ya bi shi duk inda ya gangara. Yashi ya fi ruwa. Tukunyar nan da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ke tambaya a hanya, ka duba allurarta tana kan kore, ka ajiye ta inda hannunka zai kai daga kujera, ba can ƙasan but a ƙarƙashin buhuna ba. Ka sani kuma ƙaramar ba ta kai rabin minti tana feshi, in ta ƙare wuta ba ta mutu ba, ja da baya. A Najeriya lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, lambar neman agajin gaggawa kuma 112. Ku sa su a wayarku tun yanzu.

Nan za mu dakata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.

[Kiɗan rufe shiri]